Kuben robar gyaran haƙoran matasa: Abin da iyaye a Fau da kasuwannin iyaka ya kamata su sani kafin su biya kuɗi

Duk wanda ke bin hanyar Wad Madani zuwa Gadarif ya san garin Fau, inda duwatsu suka tsaya a tsakiyar fili, kuma nan ne hedikwatar aikin noman rani na Rahad da aka buɗe a shekarar 1977. Yanki ne na auduga da gyaɗa, ta cikinsa kuma manyan motocin riɗi da dawa ke wucewa dare da rana. Hausawa sun daɗe a wannan ɓangare na Sudan, wasu jikokin mahajjata ne da suka yada zango, wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawansu noma suke yi haɗe da kasuwanci, suna kai kaya suna kawowa har Gallabat da ke bakin iyakar Habasha.

Ɗan kasuwa idonsa a buɗe yake. Abin da bai gani a Alƙahira ko Jidda ko Dubai ba, zai gan shi a cikin wayarsa. Daga cikin abubuwan da ake tallatawa a 'yan shekarun nan akwai wani kuben roba mai garai-garai kamar gilashi, wanda ake sawa a kan haƙora domin ya daidaita su ba tare da an ɗaura waya ba. Larabawa na ce masa "takwim shaffaf". 'Yan mata da samari na son sa domin ba a cika gane cewa yana bakin mutum ba, iyaye kuma na ganin kamar abu ne da za a sayo a jaka a kawo gida, kamar yadda ake sayo agogo ko turare.

A nan ne muke son jawo hankalin masu karatunmu, na Fau da Gadarif da Gallabat, da 'yan uwansu na Jibiya da Illela da Maigatari. Wannan kube magani ne da ke ɗaure yaro da likita ɗaya na tsawon shekara ko biyu, kuma wanda ya fara bai ƙarasa ba yana iya yin asarar kuɗinsa da lafiyar bakin ɗansa gaba ɗaya.

Mece ce matsalar cizo?

Yaro na da haƙoran yarinta 20. Yakan fara famfara yana ɗan shekara 6, kuma kafin ya kai shekara 12 ko 13 yawanci haƙoran girma 28 sun fito, saura turame huɗu na can ƙurya da kan zo daga baya. A bakin da ya zauna daidai, haƙoran sama na gaba kan ɗan rufe na ƙasa kaɗan, turame kuma su hau kan juna kamar turmi da taɓarya. Idan hakan bai samu ba, shi ne likitoci ke kira matsalar cizo.

Wani likita Ba'amurke mai suna Edward Angle ne ya kasa matsalar kashi uku a shekarar 1899, kuma har yau da rabonsa ake aiki. A kashi na farko turame na zaune daidai, amma haƙoran gaba sun cunkushe, ko sun karkace, ko sun yi tazara. A na biyu haƙoran sama sun yi gaba da yawa sun bar na ƙasa a baya, har leɓe ya kasa rufe su. A na uku kuwa muƙamuƙin ƙasa ne ya yi gaba, haƙoran ƙasa suka sha gaban na sama. Akwai kuma wanda idan ya cije turamensa haƙoran gaba ba sa haɗuwa, sai a ga rami a tsakani, abin da tsotson yatsa na tsawon shekaru kan jawo.

Wasu matsalolin gado ne, wasu kuma mu ke jawo su. Idan haƙorin yarinta ya ruɓe aka cire shi tun lokacinsa bai yi ba, na kusa da shi kan matso su cike gurbin, sai na girma ya rasa wurin fitowa. Haka nan al'adar nan da ake yi a wasu sassan Sudan da Habasha, ta tsaga dasashin jariri a ƙwaƙulo tushen fiƙarsa wai don maganin gudawa, takan lalata haƙorin girma da ke kwance a ƙasa.

Ya kamata a bambance ado da cuta. Wushirya abin so ce a wurinmu, Larabawan Sudan ma na yaba ta, kuma idan ba ta zo da wata matsala ba babu dalilin kashe kuɗi a rufe ta. To amma haƙoran sama da suka fito waje sosai ba maganar kyau kaɗai ba ce. Bincike ya nuna cewa yaron da haƙoransa na sama suka wuce na ƙasa da fiye da milimita 3 ya kusa ninka sauran yara haɗarin karya su idan ya faɗi. Haƙoran da suka cunkushe kuma suna da wuyar gogewa, ga kuma tsokanar da yaro ke sha a makaranta har ya daina dariya cikin mutane.

Yadda kuben ke aiki

Mutane da yawa na zaton haƙori kafe yake a cikin ƙashi kamar ƙusa a katako. Ba haka abin yake ba. Wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da saiwarsa a cikin raminsa. Idan aka tura haƙori a hankali ba tare da yankewa ba, ƙashin da ke gabansa kan narke kaɗan-kaɗan, sabo kuma ya tsiro a bayansa, da haka haƙorin ke tafiya. Wayar ƙarfe da kuben roba duk da wannan hikima suke aiki, hanyar turawar ce ta bambanta.

Tunanin ya daɗe. Tun a 1945 wani likita mai suna Harold Kesling ya ƙera wata roba da ake cizawa domin ƙarasa daidaita haƙora. Amma sai a 1997 ne Zia Chishti, ɗan asalin Pakistan, da Kelsey Wirth suka kafa kamfanin Align Technology a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka haɗa abin da kwamfuta, aka fara sayar da shi a 1999 da sunan Invisalign. A 2008 kamfanin ya fito da na matasa. Tun daga 2017 da wa'adin mallakar wasu fasahohin kamfanin ya fara ƙarewa, masu yin irin wannan kube suka yawaita, akwai Angelalign na ƙasar Sin, akwai Eon na ƙasar Jodan, da wasu da dama.

Likita kan fara da duba baki da ɗaukar hoton ƙashi, domin ya ga saiwoyi da haƙoran da ba su fito ba tukuna. Sannan ya ɗauki siffar haƙoran, ko da wani abu mai kama da ƙullu da ake cizawa, ko da na'ura mai ɗaukar hoton cikin baki. A kwamfuta ake tsara tafiyar kowane haƙori mataki-mataki, a ƙera kube ɗaya na sama da ɗaya na ƙasa domin kowane mataki. Kowane kube na matsar da haƙori kimanin rubu'in milimita ne kawai, wato sai an sa huɗu kafin a ci milimita ɗaya, kuma ana canja shi bayan mako ɗaya ko biyu. Shi ya sa wani yaron kan buƙaci 15, wani 40 ko fiye.

Akwai abubuwan da masu talla ba su cika faɗa ba. Sau da yawa likita kan manna wasu ƙananan ƙulla masu launin haƙori a jikin haƙoran domin kuben ya samu abin kamawa. Wani lokaci yakan goge gefen haƙora kaɗan don a samu wuri, ko ya sa yaro ya riƙa ɗaura 'yan robobi tsakanin sama da ƙasa. Duk waɗannan aikin hannun likita ne, ba sa zuwa a cikin kwali.

Awa 22 a rana, ga kuma shayi

Babban sharaɗin kuben shi ne ya zauna a baki awa 20 zuwa 22 a kowace rana. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: awa biyu zuwa huɗu ne suka rage wa karin kumallo da abincin rana da na dare da goge baki. Ba a cin komai da shi a baki, ba a kuma shan komai sai ruwa mara zafi.

To mu dubi yadda yaranmu ke rayuwa. Yaron da ke taya mahaifinsa zaman rumfa a kasuwar Fau ko ta Gadarif, sau nawa mai shayi ke miƙo masa kofi a yini? Ga jabana, ga karkade wato zoɓo, ga agashe da yamma, ga alewar riɗi da dabino. Kowane ɗaya sai ya cire kube, ya ci, ya goge baki da buroshi ko asuwaki, sannan ya mayar. Idan ya yi ƙyuya ya sha shayi da shi, zafi zai lanƙwasa robar, launi ya rina ta, sukari kuma ya maƙale tsakanin roba da haƙori inda yawu ba ya kaiwa ya wanke, sai a gama gyaran layi a tarar da haƙora sun fara ruɓewa. Idan kuma ya cire ya manta a aljihu rabin yini, haƙoran ba za su bi tsarin da aka yi musu ba, kube na gaba ya ƙi shiga.

Zafin rana ma abin lura ne. A bazarar wannan yanki zafi kan haura digiri 40, kuben da aka bari a gaban mota ko a kan tebur cikin rana zai iya sauya siffa. Da yawa kuma na ɓacewa ne saboda an naɗe su a takarda lokacin cin abinci, wani ya share ya zubar.

Masu kamfanin sun san halin yara, shi ya sa suka sa wani ɗan shuɗin ɗigo a jikin kuben matasa, wanda ke kodewa gwargwadon daɗewarsa a baki, domin likita da iyaye su gane gaskiya. Wayar ƙarfe a manne take, ko yaro ya so ko ya ƙi tana aikinta. Kube kuwa a hannun yaron yake. Saboda haka tambayar farko da uba zai yi wa kansa ita ce, shin wannan yaron mai riƙe abu ne, ko kuwa shi ne wanda ke ɓatar da hularsa duk mako?

Abin da yake iyawa da wanda ba ya iyawa

Ba mu ce kuben bai da amfani ba. A cunkoso mai sauƙi ko matsakaici, da tazara tsakanin haƙora, da haƙoran da suka ɗan karkace, yana aiki sosai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 kan matasa masu matsala mai sauƙi ya nuna cewa sakamakon kube bai gaza na waya ba, an kuma gama da wuri, da ƙarancin zuwa asibiti. Goge baki ya fi sauƙi da shi, kuma babu wayar da za ta tsinke ta soki kunci da tsakar dare.

Sai dai kwamfuta na zana abin da take so ne, haƙori kuma ya yi abin da ya iya. Wani bincike na 2009 ya auna tafiyar da haƙora suka yi, ya tarar kashi 41 cikin 100 na abin da aka tsara ne ya samu. Da aka sake aunawa a 2020 bayan an inganta robar, sai aka samu kashi 50 cikin 100. Wannan ne dalilin da ya sa sau da yawa akan sake ɗaukar siffar baki a tsakiyar aiki ko a ƙarshensa, a ƙera ƙarin kube. Kuben na shan wuya wajen juya haƙori mai zagaye irin fiƙa, da janyo haƙorin da ya maƙale a cikin ƙashi, da rufe babban giɓi bayan an cire haƙori.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. A tsakanin baƙar fata an fi samun bakin da haƙoran sama da na ƙasa duka suka turo gaba. Gyaran irin wannan sau da yawa sai an cire haƙora huɗu an ja na gaba baya tare da saiwoyinsu, aikin da likitoci da dama suka fi amincewa da waya a kansa.

Idan kuwa matsalar daga ƙashin muƙamuƙi take, to lokaci ne babban jari. Masu iya magana na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinya kan yi saurin girma tsakanin shekara 10 zuwa 13, namiji kuma ya ɗan biyo baya, kuma a wannan tsakani ne likita ke iya amfani da girman wajen gyara muƙamuƙin ƙasa da ya tsaya a baya. Akwai na'urar da William Clark ya ƙirƙiro a Sikotilan a 1977 mai suna Twin Block, wadda ba ta kai kube tsada ba, kuma daga 2017 an fara yin kube mai wasu fikafikai a gefe domin wannan aiki. Muƙamuƙin ƙasa da ya yi gaba kuwa ana son a gan shi tun kafin shekara 10. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka na ba da shawarar a kai yaro dubawar farko yana ɗan shekara 7. Wanda ya jira sai ana shirin aure, wani gyaran sai da tiyata.

Maganar hanya

Ƙwararrun likitocin daidaita haƙora a manyan birane suke taruwa. Kafin yaƙi mafi yawan na Sudan a Khartum suke, inda Jami'ar Khartum ke da tsangayar koyon aikin haƙori da asibitin koyarwa. A Nijeriya ma sai an je irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Mutumin Fau dole ya yi tafiya, ko yamma zuwa Wad Madani da ba ta kai kilomita 100 ba, ko gabas zuwa Gadarif da ta fi haka nisa, ko ma gaba da nan.

A nan kube na da wata fa'ida. Mai waya kan koma wurin likita bayan mako huɗu zuwa takwas a ɗaure masa, mai kube kuwa ana iya ba shi na wata biyu ko fiye ya tafi da su gida. Ga iyalin da ke nesa wannan sauƙi ne babba.

Amma idan mai karatu bai manta ba, yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, asibitoci suka rufe, likitoci da yawa suka watse zuwa Masar da ƙasashen Larabawa. A Disambar 2023 dakarun RSF suka kama Wad Madani, Fau ta zama kusa da bakin daga, hanyar yamma ta yanke, har sai da sojoji suka karɓe birnin ranar 11 ga Janairun 2025. Wanda irin wannan hali ya rutsa da shi yana tsakiyar gyara, idan waya ce a bakinsa, kusan kowane ƙwararren likita a Kassala ko Bur Sudan zai iya ɗorawa daga inda aka tsaya. Kube kuwa tsarinsa na cikin kwamfutar likitan farko da kamfaninsa, sabon likita na iya cewa sai an sake daga farko, da sabon kuɗi. Haƙoran da aka taso aka bari a tsakiyar hanya suna iya tsayawa inda cizon ya fi na da muni.

Darasin bai tsaya kan yaƙi ba. Ya shafi duk wanda zai yi wa ɗansa kube a Alƙahira ko Jidda lokacin wata tafiya, alhali bai san ranar da zai sake samun biza ko kuɗin jirgi ba.

Araha ba ta ado

A Amurka kuɗin wannan aiki kan kama daga dala 3,000 zuwa 8,000. A ƙasashen Larabawa da Asiya ana samun sa ƙasa da haka, amma yawanci ya fi waya tsada. Tsadar ce ta buɗe ƙofa ga masu cewa za su yi maka ba tare da ka ga likita ba. Mafi shahara a cikinsu shi ne kamfanin SmileDirectClub da aka kafa a Amurka a 2014, wanda ke aiko wa mutum kayan ɗaukar siffar baki ta gidan waya, ya yi da kansa ya mayar, a aiko masa da kube a kan kusan dala 2,000. Ƙungiyoyin likitoci sun yi ta gargaɗi a kansa. A Satumbar 2023 kamfanin ya bayyana karayar arziki, a Disambar wannan shekara ya rufe, ya bar masu tsakiyar gyara ba mai duba su.

Haɗarin a fili yake. Ba tare da hoton ƙashi ba babu wanda ya san ko saiwar haƙori gajera ce, ko dasashi na da ciwo, ko akwai fiƙar da ke kwance a ƙarƙashi. Tura haƙori a bakin da ke da ciwon dasashi na iya sa ya yi girgiɗi har ya faɗi, kuma haƙorin girma ba ya sake fitowa.

Muna kira ga 'yan uwanmu masu shigo da kaya su ma su yi hattara. Akwai wata roba mai laushi da ake tallatawa a intanet da kuɗi kaɗan, girma ɗaya ga kowa, wai yaro ya kwana da ita haƙoransa su miƙe. Kuben gaskiya ana ƙera shi ne domin baki ɗaya tak, ko na wa ba ya shiga bakin ƙane. Haka wayar kwalliya da 'yan mata ke mannawa don gayu, wadda hukumomin ƙasar Tailan suka hana sayarwa saboda illarta. Ribar da za a ci a irin wannan kaya ba ta kai alhakin haƙoran 'ya'yan mutane ba.

Kafin a biya

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhun riɗi sai ya soka ya gani. Haka ya kamata uba ko uwa su yi a gaban likita. A tambaye shi ko ya yi karatun ƙwarewa a fannin daidaita haƙora, domin ba kowane likitan haƙori ne ya yi ba. A tabbata an ɗauki hoton ƙashi, an cike haƙoran da suka ruɓe, an warkar da dasashi kafin a fara. A ce masa ya faɗi gaskiya ko waya za ta fi dacewa da bakin yaron, kuma nawa ne bambancin kuɗin. A ji wata nawa aikin zai ɗauka, sau nawa za a dawo, ko kuɗin ya haɗa da ƙarin kuben da akan yi a ƙarshe, da abin da za a biya idan ɗaya ya ɓace. A kuma karɓi kwafin hotuna da takardar tsarin aikin a adana a waya da a gida, a ji sunan likitan da za a je wurinsa idan hanya ta yanke. Kuben da yaro ya gama da shi na baya-bayan nan kada a yar, shi zai koma sawa idan sabon ya ɓace kafin a ga likita.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan gamawa. Haƙora na son komawa inda suka fito, saboda haka dole yaro ya riƙa kwana da wani kuben riƙo na tsawon shekaru, ko a manna masa siririyar waya a bayan haƙoran gaba. Wanda ya yi sakaci da wannan zai ga aikin shekara biyu ya fara warwarewa cikin 'yan watanni. A sa kuɗinsa cikin lissafi tun ranar farko.

Iyalin da ke da yaro mai natsuwa, da matsala mai sauƙi, da likitan da ƙafa za ta iya kaiwa gare shi duk bayan wata biyu, kube zai yi musu amfani. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, waya ta fi masa kwanciyar hankali, ko ma ya dakata har hali ya yi, muddin likita ya duba ya ce jiran ba zai cutar ba. Abin da ba ya son jira shi ne dubawar farko, domin shekarun girman yaro ba sa dawowa. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.